Littafin Adashin Inna

Ƙarfe biyun dare a Tudun Wada.
An ɗauke wuta tun isha'i,
Sagir ya tayar min da ƙaramin janareta ya koma shimfiɗa,
ni ina gaban kwamfuta
ina cike takardar neman karatu, karo na uku.

A shafi na huɗu akwai gurbi:
me ya sa kike son aikin bankin zuba jari?
Na rubuta, na goge.
Na rubuta ƙarya mai kyan gani, ita ma na goge.

Shekara huɗu ina bayan gilashi a titin Ahmadu Bello,
ina ƙirga kuɗin mutane,
ina kiran na gaba har murya ta dushe.
Abin da ya ratsa tafin hannuna
zai sayi layi guda a Malali,
amma in wata ya kai ashirin
sai na yi lissafi kafin in tsayar da keke.

Sun ce ƙofar ɗaya ce: digiri na biyu, shekara guda, a Landan.
Sun faɗi kuɗin da fam.
Na juya shi zuwa naira a waya,
sifili suka jeru kamar masu jiran jirgi a Rigasa.
Na kife wayar.

Na aika wa baƙin ido saƙo arba'in, waɗanda suka riga ni shiga.
Biyu suka amsa.
Ɗaya ya ce can barci ƙwange ake yi,
dubu ke nema, goma ake ɗauka.
Ɗayar ta tambayi yadda ake faɗin Zuwaira.

Baba ya ce a sayar da filin Mararrabar Rido,
wanda ya saya da kuɗin sallama
bayan an rufe masaƙarsu ta Kakuri.
Duk damina yakan je ya cire ciyawa, ya tsaya, ya dawo.
Ya ce, ƙasa ba ta karatu, ke kina yi.
Da ya faɗa, carbinsa yake kallo.

Takardar filin na je nema a akwatin Inna,
ƙarƙashin atamfar da ba ta kai ga ɗinkawa ba,
sai ga littafi mai bangon kwali, ya sha manja:
adashin matan Kasuwar Barci, hannu talatin da biyu.
Ba ta yi boko ba.
Mai kifi, ta zana kifi. Mai gishiri, ɗigo uku.
Ta san wa za a ba kwasar fari don haihuwa ta matso,
wa za a bari ƙarshe don hannunta rariya ne.
Ta haɗa mai neman injin markaɗe
da mai kuɗin da ke kwance a ƙasan katifa,
ta karɓi ladanta a gaban kowa.
Shekarar da Lantana ta yi kwasa ta ɓace,
Inna ta sayar da 'yan kunnenta ta cike ramin,
ba wanda ya ji.

Hannu na ƙarshe, alamarsa alƙalami ne.
Kowace Laraba an zuba, ba fashi,
kuma kwasarsa kullum tana faɗawa farkon zango.
Na daɗe ina kallonsa kafin in gane
wa ake biya wa makaranta.

Ƙila in je in dawo da bashi da rigar sanyi kawai.
Ƙila filin Baba ya tafi a banza.
Na san wannan lissafin, aikina ne.

Janareta ya fara tari, mai ya kusa ƙarewa.
Na ji ƙarar butar Baba a tsakar gida.
Na ja littafin kusa, na buɗe shafin alƙalami,
na sa yatsu a kan maballi:
Mahaifiyata, Ladidi, ta riƙe amanar mata talatin da ɗaya
da jarin mutum guda.