Mota Uku a Filin Agya Boakye

Shekara shida ina tsayuwa a bakin titin Aboabo
tun ladan bai sauke murya ba,
ina jiran tirotiro mai ragowar kujera ɗaya.
Gwiwata a bayan wani, kwandon kifin wata a cinyata,
yaron mota yana ƙwala "Kejetiya! Kejetiya!"
kamar mai bin garin bashi.
Kafin in kai asibiti farin kayana ya sha gumi.

Adashi ya zagayo kaina.
Na haɗa da ɗan abin da ke banki,
na ce, Baba, zo ka raka ni,
kai da ka shekara talatin kana jan motar goro.

A bayan Suwame, Agya Boakye ya nuna mana uku.

Ta farko ja ce, ƙarama, ta kwana biyu a duniya.
Kuɗinta bai fi ƙarfina ba,
mai kuwa kurɓa take yi kamar tsuntsu a bakin randa.
Sai dai kujera ta lotsa, na'urar sanyi ta mutu,
kuma da Baba ya zauna
sai da na miƙa masa hannu ya tashi.

Ta biyu fara, doguwa, kujerun fata,
sanyi kamar an buɗe firjin allurai.
Mai ita ya ce in kin kauce layi tana kuka,
in mota ta laɓe a gefenki madubi zai kunna wuta,
in yaro ya gifta da kanta take taka birki.
Na shafa sitiyari. Na ji farashi. Na janye hannuna.
Baba ya ce, "Layin da za ta bi yana ina?
A unguwarmu damina ta lashe fenti.
Ranar da idonta ya makance kuma,
Mukaila na Magazin zai buɗe ta ya yi ta kallo
kamar wanda aka ba wasiƙa da Sinanci."

Ta uku ruwan toka, ba yabo ba fallasa,
cikinta ya ɗaga, rami ba zai kankare ta ba.
Abin da take taƙama da shi kaɗan ne:
ɗan allo mai nuna baya in an sa ribas,
da ƙara ƙit-ƙit in an kusa bango.

Baba ya ja tsaki.
"Direba, wuyansa ne madubinsa."
Ya karɓi makulli don ya koya mana.
Ya sa ribas, ya dafa kujera, ya waiwaya,
wuyan ya tsaya a rabin hanya.
Na ga ya ciji leɓe.
Sannan idonsa ya sauka kan allon a sace,
ga akuya kwance dab da taya tana tuƙa.
Ya taka birki a hankali.

Bai ce uffan ba.
Ya fito, ya shuri taya, ya tambayi shekarun batir.

Na juya wata tsohuwar takardar magani na yi lissafi:
man wata, inshora, taya biyu da suka suɗe,
kuɗin makarantar Zulaihatu da ba ya jira.
Farar motar tana can tana ƙyalli, ban sake dubanta ba.
Agya Boakye ya rantse da yarensa, na rantse da nawa,
sidi dubu biyu suka sauka, muka tafa.

A shataletalen Suwame cunkoso ya riƙe mu.
Tirotiro ta tsaya a gefena,
wata mai farin kaya ta jingina kai da taga, ido rufe.
Na rage sanyin motar, ban san dalili ba.

Muna shiga lungunmu Baba ya gyara hula.
"Ran Juma'a ki kai ni masallaci," in ji shi,
"amma ni zan yi fakin."