Lamba Huɗu

An aiko ni da takarda da biro,
takarda mai gidaje goma sha biyu:
gudu, tsalle, ƙafar hagu, ƙafar dama,
kowane gida a ba shi maki, ɗaya zuwa goma.
Na miƙe gwiwata da ta mutu tun ina saurayi
a kan dutsen bayan raga, a Garin Malam,
dutsen da ya sha rana tun hantsi,
yana gasa ni ta cikin wando.

Kowa idonsa na kan mai lamba tara,
ɗan gayu, mai takalmi ruwan lemo.
Ni ba don shi na zo ba. Mai cin ƙwallo
ko makaho ya san shi, ihu ke nuna shi.
Na zo don wanda aikinsa, in ya yi kyau,
sai a ce ba abin da ya faru.

Nafi'u sunansa. Shekara sha shida, in ji shi.
Da asuba shi ke tura kurar ruwa,
jarka goma daga famfon Sabon Gari,
shi ya sa sharaɓarsa kamar taɓarya.
Ba ya zubewa ƙasa don burge 'yan kallo.
Jira yake yi. Ya ja da baya taki biyu,
ya bar maka hanyar da yake so ka bi,
ka bi ta kana murna, ka tarar da kanka bakin layi
kamar akuyar da aka kora lungu.
Na rubuta bakwai. Na soke. Na rubuta takwas.

Bayan hutu aka bugo kwana daga hagu,
iska ta murɗa ƙwallo, ya tashi da kai,
ta goge ƙeyarsa,
ta wuce golansu, ta kwanta a ragarsu.
Fili ya fashe. Wani mai shayi ya ce,
"A ba shi rigar waɗancan mana, ya huta!"
Yara suka cafe, suna rerawa da tafi.
Kyari golansu ma ya tofar da yawu gefensa.

A nan na rufe biro.
Wannan mintin na zo nema.
Na ga masu gemu sun narke a cikinsa:
wani ya nemi ƙafar da zai karya,
wani ya dafe cinya, ya ce jijiya.
Ni kuwa, a Maraɗi, shekara talatin ke nan,
ban sake neman ƙwallo ba har aka tashi,
ina ta ɓuya a bayan ɗan gabansu
kamar ni ne inuwarsa.

Nafi'u ya shiga raga da kansa,
ya ɗauko ta, ya share mata ƙasa da riga,
ya kai ta tsakiya, ya ɗaga hannu ɗaya.
Kwana ta gaba, daga hagun dai,
ya ture na kusa da shi, ya ce, "Bar mini."
Ya tashi. Daga kan dutse na ji ƙarar goshinsa.

An ci su ɗaya da nema.

Na zaci zuciyar nan busasshiya ce, na ɗan tsorata,
don wanda ba ya jin ciwo ba ya koyo.
Magariba ta kawo kai, na zaga in yi alwala,
sai ga shi tsugune tsakanin duwatsu,
riga cushe a baki don kada a ji,
kafaɗu na rawa.
Ban yi gyaran murya ba. Na ja da baya a hankali
yadda shi ma yake yi, taki biyu.

Da ya fito, fuska a wanke,
tambayarsa ƙarfe nawa ne atisaye gobe,
don yana da ruwan gida uku kafin nan.

Takarda ba ta da gidan wannan.
Na juya bayanta, inda fari yake,
na rubuta: a ɗauke shi.
Ƙafar hagunsa dai, tsakani da Allah, huɗu ce.
Wannan ana koya wa mutum.