La'adar Dillali

A Tudun Jukun, bayan masu walda, kan dakalin siminti,
akwai wani dillali da ba ya barci.
Launinsa toka, haƙarƙarinsa a waje,
yana gurnani tun ban san hannun damana ba.
Taransifoma, in ji ma'aikatan lantarki.
Baba Jatau kuwa Dillali yake ce masa.

Shekara huɗu ina riƙe wa Baba fitila
a shagonsa na naɗin waya.
Ranar da na unguwarmu ya ƙone aka sauke shi,
ya ɗaga murfi, ƙaurin mai ya cika layi,
ya ce, "Leƙa, Sallau.
Ga naɗi biyu na jan ƙarfe.
Wannan siriri, zagayensa ya fi dubu,
wancan kaurin yatsa, zagayensa kaɗan.
Nemo mini inda suka taɓa juna."
Na nema har idona ya kawo ruwa.
Babu.

"Wutar da ta taso daga Shiroro ambaliya ce.
In ta faɗa ɗakin gyatumarka yadda take,
ko tokar fanka ba za a tsinta ba.
Sai ta shiga naɗin farko tana kai da komo,
sau hamsin cikin sakan guda.
Kai da komon nan ke tada maganaɗisu a jikin ƙarfe,
shi kuma ya zaga ya raɗa wa na biyu.
Yawan zagaye, yawan ƙarfi.
Rage zagaye, ƙarfi ya durƙusa.
Buhu ya shigo, Sallau, tiya-tiya ya fita."

Na ce, "Duka ke isowa gida?"
Ya yi dariya, jan goro a haƙori:
"Ka taɓa ganin dillalin da ya bar kasuwa hannu rabbana?"

La'adar farko waya ke ci.
Wuta na kutsawa cikinta
kamar mai kaya a lungun kasuwar Sabon Gari,
kafaɗa na gugar bango, guga kuwa zafi ce.
In unguwa ta ninka abin da take ja,
hita da dutsen guga da injin markaɗe a magariba ɗaya,
zafin ba biyu yake zama ba,
huɗu.

Ta biyu ƙarfe ke ci.
A ce masa gabas, kafin ya juya a ce yamma.
Baba ya miƙo mini ƙusa, ya ce lanƙwasa, miƙe, lanƙwasa.
Na yar da ita ina hura yatsa.
"Ka ji a jikinka," in ji shi.

Cikin ƙarfen kuma akwai 'yan wuta marasa aiki,
suna juyi wuri guda
kamar ruwan Kubanni a gindin gada,
ba sa zuwa gidan kowa.
Shi ya sa ba a zuba shi curi ba,
falle-falle aka yanka, aka shafe kowane,
don a tsuke musu fili.
An rage su. Ba a kashe su ba.
Har gurnanin nan da ke raka mu barci
daga aljihunmu yake fita.

Daminar bara aka kai Baba makwanci.
Ni ke ƙirga zagaye yanzu, leɓe na motsi.
Shi da kunne yake gane mai ciwo tun daga bakin titi,
ni sai na ɗauko mita.
Abin da ya sani bai iso ni duka ba,
ban kuma san a wane lungu ya zube ba.

Jiya bayan ruwa na biyo ta wajen Dillali.
Akuyoyin Iya Kande uku sun lafe a jikin shingensa,
ido a lumshe, suna tuƙa,
suna shan ɗumin da bai isa gidan kowa ba.
Na tsaya kaɗan.
Ni ma na miƙa tafin hannu, daga nesa.