Lissafin Dakta Herminia

Ni aka ba aikin ƙirgar,
don ranar Juma'a za a yi mata walimar ajiye aiki
a zauren jami'a, nan Puno,
inda iska ba ta cika huhu,
inda baƙo ke haki kafin ya gama gaisuwa.

Maƙala tamanin da huɗu.
Ambato dubu uku da ɗari biyu da 'yan kai.
Kwamfuta ta zana mini tudu,
shekara bisa shekara yana hawa
kamar hanyar motar da ke barin bakin tafki.
Shugaban sashe ya ce in buga da manyan baƙaƙe,
a san Dakta Herminia Apaza ba kallo ta zo yi duniya ba.

Wadda ta fi farin jini
ita ce ta hawan jinin masu ciki a kan duwatsu.
Sau ɗari tara an kira ta,
a Oslo, a Osaka, a garuruwan da Dakta ba ta taɓa takawa ba.
Bakunan da ba su iya furta Apaza ba
sun jingina maganarsu da tata
kamar mai jingina tsani da katangar maƙwabci.

Ni kuwa da hannuna na cika jadawalin nan,
ina ɗalibi, sanyi na ƙandare mini yatsu.
Mata ɗari biyu da goma sha uku.
Layi na tamanin da bakwai sunanta Santusa,
daga Ilave, mai jelar kitso biyu har ƙugu.
A bayan motar dankali aka kawo ta, ƙafafu a kumbure,
ta ce kanta na sara,
ta ce tana ganin taurari da rana tsaka.
Jijjiga ta kama ta kafin asuba.
Yaron ya rayu.
A takarda: mutuwa, ɗaya.
Sau ɗari tara duniya ta ratsa ta kan wannan ɗaya,
ba wanda ya ko rage tafiya.

Can ƙasan jerin
akwai wata 'yar maƙala mai shafi uku,
a mujallar da ta mutu tun kafin a fara zuba su a na'ura.
Ambatonta biyu. Ɗayan ma Dakta ce da kanta.
Abin da ta faɗa bai taka kara ya karya ba:
a bar mace ta haihu a durƙushe in haka ta so,
a ɗumama ɗakin, a ƙyale uwarta ta shigo,
a miƙa wa dangi mabiyiya su binne yadda suka gada.
In an yi haka, za su zo tun da sauran lokaci.

Bara na je wani ƙaramin asibiti gaba da Juli,
na tarar da ita manne a bango,
kwafin kwafin kwafi, baƙaƙen sun yi furfura.
Hayaƙin murhu ya rina kusurwa,
wata ungozoma ta bi gefe da jan biro
ta juya ta zuwa Aimara.
Sunan marubuciya ya tafi da tsohon gam.
Na ce, wa ya rubuta?
Ta ɗaga kafaɗa: haka muka tarar.

A wane gurbi zan sa wannan?
Fom ɗin ba shi da layin bango.

Jiya na kai mata lissafin har gida.
Tana kurɓar shayin ganyen koka, bargo a gwiwa.
Ta dubi tudun, ta ce ya yi kyau,
ta gyara mini shekarar maƙala ta sha ɗaya.
Sannan ta zare tabarau.
"Yaron Santusa fa? Yanzu ai ya doshi talatin."
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "To, nemo mini.
Sauran a karanta ranar Juma'a."