Hular Kwano a Tudun Wada

Yaya Tanimu ya dawo daga Amurka
da gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Shekara tara yana ture ƙattai
saboda ƙwallo mai siffar gwanda.

A kasuwar Samaru wani koci ya gan shi
da buhun masara biyu a kafaɗa.
Shi ke nan.

Yanzu a kujera yake sallah.
Sunana kan ɓace masa,
sai ya ce, “Ke, 'yar Inna.”

Ya gina mana gida, ban musa ba.
Hular kwanonsa tana kicin,
Inna na zuba albasa a ciki.
Da daddare nakan ji shi
yana ƙirga lambobi cikin barci,
yana jiran a busa usur.