Gilashin Hagu

Ran Litinin na kai Sitalet ɗina Mokoyo,
rumfar Illiya mai liƙa leda.
Ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa baƙar,
ya bi ta da tsohon katin waya
har kumfar ƙarshe ta fice ta gefe.
Jika goma sha biyu. Ban taya ba.
Ya ce, "Alhaji, wa ake ɓoyewa?"
Na ce ban je Makka ba tukuna,
kuma daga rana nake ɓoye ta.

Ɗiyata Tsahara zabiya ce, shekara tara.
Hantsi kaɗai yana toya mata ƙeya,
idanunta su yi ta rawa suna neman mafaka.
Tsaranta suna gaɗa a fili,
ita tana ƙirga su daga zaure.

Likita ya rubuta da Faransanci,
ya buga hatimi.
Na yi kwana uku ina ɗumama bencin ofis
kafin a buga na biyu.
Na naɗe takardar kamar laya.
Jandarman hanyar Jiratawa ya karanta, ya leƙa, ya ɗaga igiya.
Na Ɗan Isa har ya tambayi jikin uwarta.

Katsina muka nufa, karɓo mata tabarau.
Bayan iyaka gero bai sake zangarniya ba,
akuyar can kukan ta nan take yi,
Hausa ɗaya muka gaisa da mai bindiga,
takardata ce kawai ta bebance.

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.
"Wannan ta wajenku ce. Nan sai tamu."
Na ce, "Yallaɓai, ita ranar ta wajen wa ce?"
Bai yi dariya ba.
Ya ce watan jiya, a nan inda nake tsaye,
mota mai baƙin gilashi ta wuce da mutum ɗaure a ciki,
shi kuwa har hannu ya ɗaga mata.
Na buɗe baki, na rufe.
Tasa gaskiyar ma ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya.

Ya miƙo mini reza.

Na fara da gefena.
Ledar tana kuka kamar ana yaga sabon yadi.
Na biyu. Na uku.
Jika uku-uku suna zuba a kwalta,
haske yana shiga motar kamar mai bin bashi.
Sai gilashin baya ya sauka kamu ɗaya,
hannu ya fito, fari, duk ɗigon ƙuna,
ba wurina ba, wurin ledar da ta faɗi.

Ya dubi hannun. Ya daɗe.
Ya dubi sama, ya auna da ido.
"Bar na hagu," in ji shi.
"Amma shingen gaba ba ni ba ne."

A shingen gaba na biya kuɗin ruwa,
na gabansa kuma barci yake.

Sai da muka juyo na gane lissafinsa:
mai zuwa kudu da safe, rana tana hagunsa,
mai komowa arewa da la'asar, can take jiransa.
Gilashi ɗaya ya bar mana,
kuma shi ne wanda ake bukata.
Ban san sunansa ba.

Gobe Illiya zai ce wa ya yi mini askin rabin kai,
zan sake ƙirga jika tara,
takardar za ta sake samun baki.

Mun shigo Maradi rana ta yi ja a kan gulbi.
A madubi na ga Tsahara
ta ninka yagaggiyar ledar huɗu,
ta kara a ido, ta juya yamma.
Na ce kul. Ba ta ji ba.

"Baba," ta ce,
"ashe ƙarama ce."