Barsu

Shekara goma sha uku ke nan
da na tsince shi bayan mahauta, ɗan kwikwiyo,
kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.
Maƙwabta suka yi ta magana,
sai na raɗa masa suna Barsu.

Shi ya tsare mini garka a bakin tabkin Babaye.
Albasata ta san takunsa.
Ɓarawon da ya zo wa rudu a shekarar fari
ya bar mana takalmi ɗaya, yana nan har yau.

Bana sai ga shi ya ƙi tashi.
Na kira, wutsiya kaɗai ta amsa,
ta bugi ƙasa sau biyu, ta gaji.
Na ɗaga leɓensa, dasashi fari fat
kamar cikin ƙwarya sabuwa.
Fitsarinsa ja, kamar ruwan goro.

Mai kabu-kabu ya ce ba ya ɗaukar najasa.
Tanimun ya ara mini amalanke,
bai ce komai ba, jakinsa ma haka.
Muka ratsa Bilbis da rana tsaka,
yara na bin mu: ga gawar kare, ga gawar kare!
Na ce musu: tukuna.

Likitar dabbobi, Zalika, ƴar ƙarama ce,
ba ta kai ƴata ta biyu ba.
Ta shafa wuyansa, ta ciro kaska
ƙosasshiya kamar ƙwayar gujiya.
Ta ce: ga mai shan jinin, Baba.
Allura biyu, ƙwayoyi na kwana ashirin da ɗaya.
Jikka tara.
Na tsaya ina lissafin buhun albasa a kaina,
ta yi kamar tana neman alƙalami.

Ƙwaya a cikin tuwo, ya tofar.
Ƙwaya a cikin fura, ya lashe fura ya bar ta.
Tsoho ne, ba wawa ba.
Sai da hanta ta shiga maganar muka shirya.
Mahauci ya ce: Malam Ilya, ka yi sabon aure ne?
Na ce: majinyaci gare ni.

Dare bakwai na kwana a garka.
Ƙafafunsa na baya sun daina jin magana,
sai in zura tsohon rawani ƙarƙashin cikinsa,
in ɗaga, mu taka tare zuwa gindin bagaruwa,
shi da ƙafa biyu, ni da gwiwa mai ƙara.
In mun dawo in wanke hannu, in sake alwala,
in yi sallata, yana kallona
da idon da yana ta rufe rabi.
Ban san me ake roƙa wa kare ba.
Na dai ce: Kai ka halicce shi.

Rakiya ta ce na haukace.
Ran na huɗu, ƙarƙashin kwanon abincina,
na tarar da wani ƙaramin kwano, romon ƙashi,
ba yaji, ba gishiri.
Ba mu taɓa tada zancen ba.

Sauƙi bai zo da ganga ba.
Wata safiya dai ya karkaɗe kunne.
Wata safiya ya kori ƙuda da kansa.
Ran Lahadi, ana ta wucewa kasuwa,
wata akuya ta tsallako shinge ta nufi iri,
sai na ji wani abu kamar tarin tsoho,
kamar ƙyauren da ya shekara ba mai:
haushi.
Akuyar ko gezau.
Ni ne na zauna a bakin rijiya
ina dariya har hula ta faɗi.

Zalika ta ce gwiwar ba ta warkewa,
idon ma haka, sai dai lallaɓawa.
Na ce na sani, jikina ya riga ya gaya mini.

Yanzu kullum da la'asar ina duba kunnensa,
tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya.
Da dare ni ke zagaya garka da tocila,
shi yana kwance a kan buhu, bakin rudu,
kunne ɗaya a tsaye,
yana gadin mai gadinsa.